Dutsen da Ladidi Ta Zaɓa

Tun da aka rufe teku, doka ta ba kowane gida damar sayen dutsen murjani sau ɗaya tak. Ranar Laraba Ladidi ta kai mahaifinta, Baba Sallau, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, shagon Malam Tanimu don su zaɓa wa tankin kifinsu na ruwan gishiri.

"Ga mai rai, da 'yan halittun teku a jikinsa, tun kafin dokar aka ciro shi," in ji Malam Tanimu. "Sai dai yakan zo da tsutsotsi, wani sa'in su kashe kifi. Ga kuma busasshe, tas yake."

Yara sun yi layi a ƙofar shagon, kowa na jiran ya sansana mai ran, ya ji ƙamshin teku. Baba Sallau ya sunkuya a kansa, ya daɗe bai ɗago ba.

Ladidi ta tuna wahalar da ta sha wajen rainon kifayenta. "Baba, mu ɗauki busasshen."

"To, 'yar nan, yadda kika gani."

A gida ta saka dutsen a tankin, ruwa ya yi garau. Tsohon ya jawo kujera, ya kai hancinsa bakin tankin, ya ja dogon numfashi.

"Ladidi, yaushe zai fara ƙamshin?"

"Sai a hankali, Baba," ta ce, ta juya baya don kada ya ga idonta.