Inna ta tankaɗe

Bayan katangar gidanmu a Gadarif akwai warshar Baba Idi, inda ake narka tarkacen lori da tarakta ana zuba tukwane. In suka hura wuta, hayaƙin ta tsakar gidanmu yake bi.

Wata la'asar Inna ta aike ni in kwaso kuɓewar da ta shanya a kan tabarma. Na tarar da ita ta yi toka-toka, tana ƙaurin ƙarfe. Na shafa da yatsa, yatsan ya fito baƙi.

"Inna, ki yi wa Baba Idi magana mana."

"Da wane bakin? Tukunyar da ake tuƙa miki asida a ciki, shi ya ba mu kyauta. Miƙo min rariya."

Ta daka kuɓewar, ta zauna ta tankaɗe ta a tsanake. Sannan ta nuna min tsakin da ya rage a rariyar. "Ga dattin nan. Halas, shi ke nan!" Ta watsa wa kaji.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ƙurar nan ta fi garin kuɓewar laushi, ita ce ma ta fara wucewa ta rariyar. Kaji sun samu kuɓewa, mu muka sha warsha a miya, ban da wadda muke shaƙa kullum.

Yanzu Inna ba ta gama sallama sai tari ya sarƙe ta. Bara na tuna mata ranar. Ta harare ni, ta jira numfashi ya dawo, ta ce, "Ai na tankaɗe."