Ƙyallen da Ya Ƙi Ruɓewa

Iskar farkon damina na wucewa, matan ƙauyen Ibohamane suka aika wa telan Madawa ya zo ya gani da idonsa.

Shekara huɗu ke nan yana taƙama da alherin da ya yi musu. Ɗan ƙaramin kamfaninsa na ɗinka rigunan 'yan ƙwallo da yadin roba, ragowar ƙyallaye na taruwa buhu-buhu. Da can ƙonawa yake yi, hayaƙi ya hana maƙwabta numfashi. Sai ya ji mata na dashen itatuwa a kan tudu, suna ɗaure kowane a jikin sanda da kaba. Ya kwashi ƙyallayen ya kai musu kyauta.

"Kaba ruɓewa take yi," ya ce musu. "Wanga ko, har abada."

Yau ga itatuwan kwance, kowane ya karye daidai wurin ɗaurin.

Tsohuwar da ta yi rani biyu tana hawo musu da ruwa a ka ba ta ɗaga murya ba.

"Malam tela, kaba tana ruɓewa ne ta saki icce ya yi kauri. Mun sani. Kunyarka muka ji."

Ya durƙusa gaban icce ɗaya da ya rage a tsaye, ya zaro almakashi. Babu abin yankewa, ɓawo ya riga ya haɗiye ɗaurin. Bakin ƙyallen kaɗai ke leƙowa, kore shar, ko koɗewa bai yi ba, kamar yadda yake rantse wa masu saye.