Istiharar Baffa Ɗalha

"Kar ki kuskura ki je ta Landan," in ji Baffa Ɗalha, yana jan carbi a zaurenmu na unguwar Kabara. "Na yi miki istihara, makara na gani."

Jami'o'i biyu suka ɗauke ni karatun likita, ta Landan da ta Alƙahira, kowacce sai an tankaɗe an rairaye. Raina na kan ta Landan, mai gurbi ɗaya tak ga jiharmu. Amma tun rasuwar Abba, maganar ƙaninsa ita ce hukunci.

Umma na jin makara ta fashe da kuka. "Zaituna, ki rufa min asiri."

Na sanar da Landan na haƙura.

Ana gobe zan tafi Alƙahira na je yi wa Baffa sallama. Na tarar da gidan cike da mata, ana ta girki.

Matarsa ta tare ni da guɗa. "Yasir ɗina zai tafi Landan. Shi ke biye a layin jira, sai wata sakarya ta ajiye gurbinta."

Na juya na dubi Baffa. Ko carbin bai ajiye ba.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, "yarinya mai jin magana."