Zalɓe a Cikin Duhu

"Baba, duhun ya sake yin yawa," in ji malamar hoto, tana jawo kujera kusa da shi. A fuskar kwamfutar zalɓe ne tsaye a bakin tafki, amma fikafikansa sun haɗe da ciyawa, sai ka ce an shafa musu gawayi.

Mai Tsuntsaye, kamar yadda 'yan ajin ke kiransa, ya sosa ƙeya. "Tsufa ne, 'yata. Sake nuna mini."

Ta sake nuna masa. A ɗaga inuwa kaɗan, a sassauta hasken ruwa, a bar idon tsuntsun ya fito. Ya yi ta gyaɗa kai. Hannunsa kan nufi wurin da ya dace tun kafin ta buɗe baki, sai kuma ya janye shi ya cusa a aljihu.

Dokar wannan cibiyar koyon hoto ita ce duk wanda ya iya gyara hoto da kansa a ba shi takardar shaida, ya bar wa wani kujera. Abokan shigarsa duk sun karɓa sun kama gabansu. Shi kuwa kullum jiya i yau: wannan makon barewa ta yi fari fat, mako mai zuwa shaho ya koma shuɗi. Shi ke fara zuwa, shi ke kashe fitila. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sai a waya, wayar ma sai sun ga dama. Malamar tausayinsa take ji, ko da yake wani lokaci yakan kai ta bango.

Sai shugaban cibiyar ya kira ta ofis. Tunda ɗalibi ɗaya ya gagare ta, in ji shi, idan tsohon bai kammala a ƙarshen wata ba, za a nemo wanda ya iya koyarwa.

Ba ta yi niyyar faɗa wa tsohon ba, amma maganar ta suɓuce mata. "Baba, don Allah ka dage. In ba ka wuce ba, ni za a sallama."

Ya daɗe yana kallonta. "Ashe haka ne," kawai ya ce.

Ranar gwaji aka ba shi hoton mujiya a cikin kogon itace. Bai tambayi kowa komai ba. Kafin shugaban ya gyara zama, mujiyar ta fito sarai. Aka miƙa masa takarda, ya ninke ta, ya yi godiya. Ya ɗan jima a bakin ƙofa yana duban ɗakin, sannan ya tafi.

Da ajin ya watse ta zauna share hotunansa don sabon ɗalibi. Kafin ta goge zalɓen, ta danna maɓallin da ke mayar da hoto yadda kyamara ta ɗauko shi. Ya fito tas, har gashin wuyansa ana iya ƙirgawa. Ta buɗe barewar, ta buɗe shahon, babu wanda ya taɓa bukatar gyara.

Shi ne yake zama a gida ya ɓata su da hannunsa, don ya samu wanda zai jawo kujera kusa da shi.