Jeren Tukwane

"Wannan ɗaki ne ko rumbun bazara?" in ji uwar miji, tana duban matar ɗanta. "Ina jeren tukwanenki? Haka matsiyatan garinku Farin Dutse suke ado?"

"Inna, sauke su na yi. Yaron ya fara rarrafe."

"Duk 'ya'yana a gindin jere na raine su!"

Tsohuwar ta kwaso tukwanen, ta ɗora wata kan wata har suka fi tsayinta. Matar ɗan dai ta cije leɓe, ba a musu da suruka. Kafin ta ankara, yaron ya dafa tukunyar da ke ƙasan jeren zai miƙe, jeren ya karkato.

Tsohuwar ta kife a kansa, tukwane suka farfashe a bayanta.

Ta ɗago, ƙeyarta tana jini, yaron ko ƙwarzane babu.

"Tsayuwar me kike, sakarya? Nemo igiya mu rataye sauran a sama."