Mai Lambu da Kwikwiyon Ambaliya

Ka ce marayan da ka ɗauko yana zabura duk lokacin da aka miƙa masa hannu, har ka fara gajiya da shi. To, saurari wannan misali.

Wani mai lambun albasa a bakin gulbi ya fita duba ɓarna bayan ambaliya ta janye, sai ya tarar da kwikwiyo maƙale a cikin ciyawa, jikinsa duk laka, ruwa ya tafi da uwarsa. Ya ɗauke shi ya ajiye a bukkar lambu, da nufin ya girma ya riƙa korar birai. Ba a daɗe ba kaska da ƙuma suka rufe shi, gashinsa ya fara zuba, haƙarƙarinsa ya fito. Malamin dabbobi ya ba da sabulun magani, ya ce in ba a wanke shi da shi ba, ba zai kai lokacin sanyi ba. Mai lambu mutum ne da ba ya barin aikin yau ya kai gobe, saboda haka ya danne kwikwiyon da hannu ɗaya, ya sheƙa masa ruwan guga tun daga ka. Kwikwiyo ya tsala ihu, ya suɓuce kafin sabulu ya taɓa shi, ya shige ƙarƙashin zana. Daga ranar ya ƙi abinci, ko ƙarar guga ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Matar mai lambu ta kawo fura da rana, ta leƙa ta ga idanu biyu a cikin duhun zana, ta ce, "Haba, Malam! Ruwa ya cinye masa uwa yana kallo, kai kuma ka zo masa da ruwa ta sama?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari yana ba irin albasa ruwa, sai ya lura da hannunsa na hagu: ashe kullum yakan tara shi a bakin guga domin ya karya ƙarfin ruwan, kada ya tone saiwar da ba ta kama ƙasa ba. Kunya ta kama shi. Ya nemo tsohon kasko, ya zuba ruwa iya tsayin ɗan yatsa, ya bar shi a rana har ya yi ɗumi. Ya zauna gefe da tuwo a tafinsa, bai kira ba, bai miƙa hannu ba. Da yunwa ta fito da kwikwiyon, ya bar shi ya ci ya koma. Bayan 'yan kwanaki ya jiƙa tsumma, ya riƙa shafa masa gadon baya a hankali, yadda harshen uwa ke yi, yana cire kaska ɗaya bayan ɗaya. Zuciyarsa na gaya masa lokaci na ƙurewa, don kwikwiyon sai ƙara ramewa yake, amma ya danne ta. Ƙafar gaba ta fara shiga kaskon, sannan ta baya. Ranar da aka kai ga sabulu, kwikwiyon ya tsaya cikin kumfa, ya ɗora haɓarsa a kan wuyan hannun mutumin, ya lumshe ido. Da aka ɗauraye shi ya fito, ya girgije, ya fesa wa mai lambu ruwa har gemu, ya nufi akushin da ake zuba masa abinci. Matar, da ke tsaye gefe tana kallo, ta yi dariya ta ce, "To, an gama da shi, saura kai. Ga la'asar ta kawo jiki, je ka sake riga."

Wanda tsoro ya riga ka shiga zuciyarsa, ko alheri ka zo da shi sai ka sassauta hannu. Shi ya sa Hausawa ke cewa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.