Motar Zuwa Coci

Kafin ƙarfe goma na safe, musun ya kai inda ake nuna juna da yatsa. Dattawan ƙungiyar masu tsofaffin motoci sun kewaye wata baƙar mota ƙirar Nova da ke ɗaure a kan tirela a bakin filin tsere, kowa na tofa albarkacin bakinsa a kan ko ta isa shiga layin motoci masu ƙwanji.

Orval Stutzman na tsaye a gefe da tocilar aikinsa a hannu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana duba motocin ƙungiya, kuma yau ce ranarsa ta ƙarshe. Burinsa bai wuce ya miƙa tocila ya tafi gida ba tare da ya saɓa da Dwight Brubaker ba. Abotarsu ta tun ƙuruciya ce, irin wadda tsoro ya fi ƙauna yawa a cikinta.

"Wannan ai motar kaka ce ta zuwa coci," in ji Dwight. "Mai ƙwanji ita ce matsakaiciyar mota da masana'anta ta cusa wa ƙaton inji. Ga misali nan." Ya shafa jar motarsa Chevelle, wadda ta ci kofin shekara tara a jere.

Mai motar baƙuwa ce, Darla Whitcomb, za ta yi shekara hamsin. Ko gumi ba ta yi.

"Da ƙaton inji ta fito, yallaɓai," ta ce. "Ƙanƙanta ba laifi ba ce."

Orval ya matsa kusa. Fentin sabo ne fil, amma motar na tashin warin tsohuwar rijiya, kuma a ƙarƙashin robar ƙofa akwai busasshiyar laka. Abin ya ba shi mamaki, don bana fari ake yi a wannan yanki na Ohio, har ruwan da ya cika tsohon ramin fasa dutse na bayan gari ya ƙafe. Bai san dalili ba, ya ji ba ya son taɓa motar.

"Kada ka raina Nova, Dwight," wani tsoho ya ce. "Ka manta shuɗiyar nan ta Royce Tackett? A shekarar saba'in da ɗaya babu wanda bai sha ƙurarta ba, har kai."

"Royce? Wanda ya gudu California ya bar matarsa da ciki? Da idona na ga ficewarsa daga garin nan. Ku nemo wani gwanin."

Aka yi dariya, banda wani mutum mai laktaya da ke zaune a benci yana shan ruwan lemo. Tun da ya zo bai kalli mota ko ɗaya ba.

"An faɗa mini tsufa ya sa yanzu da baki kake tsere," in ji Darla. "Ashe ba sharri aka yi maka ba."

Wuyan Dwight ya yi jawur. "Orval, na ƙalubalance ta. A buɗe."

Dokar ƙalubale Dwight da kansa ya rubuta ta: wanda ya ce a buɗe motar wani, sai an buɗe tasa. Masana'anta kan buga lamba ɗaya a jikin mota da kan injin da aka haife ta da shi, don haka lamba ba ta ƙarya. Sai dai a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa yin ƙarfin halin da zai sa Orval ya leƙa injin Dwight. Kowa ya san labarin: nasa na asali ya fashe a saba'in da ɗaya, ya sayo wannan a wurin masu gwangwan a garin Toledo. Dwight kuwa mutum ne da ya fi ganin girman lambar inji a kan Littafi Mai Tsarki, ba zai taɓa goge ta ba.

Orval ya hau tirela, ya karanta lambar jikin Nova ta cikin gilashin gaba da ƙarfi, yana rubutawa. Shidan ƙarshe: uku, huɗu, sifiri, bakwai, ɗaya, takwas.

"Murfin injin tawa motar yana da taurin kai," Darla ta ce. "A fara da ta dattijo, girmansa ne."

Dwight ya ɗaga murfin yana murmushi. Orval ya sunkuya, ya goge baƙin mai da babban yatsa, ya haska. Ya duba takardar, ya sake duba ƙarfen. Lambar Nova ce a kan injin Dwight. Shi kaɗai ke ganin wurin, kuma da zai canja lamba ɗaya tak, da an wuce wurin, ya tafi gida lafiya.

"Karanta mu tafi, Orval," in ji Dwight a hankali. Murmushin ya ɓace, idonsa na kan baƙar motar, kamar sai yanzu ya fara ganin ta.

Orval ya tuna shekara hamsin yana sunkuyar wa Dwight da kai, ya ji kunya ta kama shi. Ya karanta. Uku, huɗu, sifiri, bakwai, ɗaya, takwas.

Mai laktaya ya ajiye kofinsa ya miƙe, sai ga bajon ɗan sanda a ɗamararsa.

Darla ta sa yatsa biyu ta ɗaga murfin Nova. Babu komai a ciki sai tsatsa da busasshiyar ciyawar ruwa.

"Ban zo da inji ba, yallaɓai, karɓa na zo yi," ta ce. "Na babana ne, Royce Tackett, wanda aka tsinci ƙasusuwansa a kujerar motar nan a ƙasan ramin dutse, ranar da ya ƙafe."